Ajiyar da Na Kai Laburare

Da na fita takaba, goggona ta aiko aka ɗauko ni daga ƙauyenmu da ke bayan Runka zuwa Batsari. Na zo da ɗiyata a goye, da ƙullin kaya, da wata 'yar ƙaramar waya mai tocila da mijina ya bari. Shi a gona aka same shi da rana tsaka yana maimai, wato noma na biyu. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Duk wanda ya zauna yankinmu a shekarun nan yana da irin nasa labarin, ni kuma na gaji da faɗar nawa.

Zancen wayar zan yi. A cikinta akwai memori, a cikin memorin akwai muryarsa. Ranar da ya sayo ta a kasuwar Runka ya zauna gindin rumbu yana latse-latse, jaririya na kan cinyarsa, har ya faɗa wurin da take ɗaukar magana. Za ka ji shi yana cewa, "Ana ji? To, ana ji?" Sai ya ce wa jaririyar ta gaida mutane, ta yi shiru. Sai akuyarmu ta yi kuka, ya ce to ga wadda ta fi ki ladabi ta gaisa. Daga nesa kuma sai muryata daga madafa ina ce masa ya bar shiririta tuwo na hucewa. Ya yi dariya, abin ya yanke. Duka-duka ba ta kai tsawon alwala ba.

Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, yana aljihunsa ranar, ba a dawo mini da shi ba. Wannan muryar ita kaɗai ce abin da zan nuna wa ɗiyata in ce ga ubanki. Na ƙudurta a raina ba za ta ji ba sai ta yi wayo, yadda ake ware iri a rataye shi sama a hana kowa taɓawa har damina. Sai dai wayar ta fara tsufa. Batirinta ya kumbura har murfin ba ya rufuwa sai na ɗaure da roba. In zan yi wanka ina tunaninta, in an yi ruwa ina tunaninta, in yarinya ta miƙo hannu sai na daka mata tsawar da ta fi laifinta.

Gidan goggo cike yake da irina, 'yan gudun hijira daga Karare, daga Babban Duhu, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Ɗaki ba masaka tsinke, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar a gidan nan ba. Kowa da nasa mamacin, ba mai sauran kunnen jin na wani. In na fara zancen mijina sai wata ta ce Allah ya jiƙan musulmi, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Maƙwabcin goggo maigadi ne a reshen wata kwaleji da ke bayan gari, inda malaman firamare na ƙauyuka ke zuwa ƙaro karatu. Shi ya ce ana neman mai shara a laburare. Ban san mene ne laburare ba, ni da ban gama firamare ba. Ya ce ɗakin littattafai ne, in na iya riƙe tsintsiya na kuma iya kama bakina to na iya aikin.

Dogon ɗaki ne a ƙarshen makarantar, darbejiya ta yi masa inuwa. Mai kula da shi wata mata ce da aka turo daga Katsina, tana sa tabarau, tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya, sai ƙarshen wata take zuwa ganin 'ya'yanta. Malama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙanwata. Ta dubi goyona ta ce ba a hayaniya a nan. Na ce yarinyar ba ta da kuka. Ƙarya na yi, amma Allah ya rufa mini asiri, sanyin ɗakin ya karɓe ta. Nakan shimfiɗa mata zane bayan kantar ƙarshe, ta yi ta wasa da murfin biro har barci ya ɗauke ta.

Na tarar Malama tana wani aiki da ya ɗaure mini kai. Takan zaro littafi, ta buɗe bangon baya inda ake buga ranar aro, ta duba, ta shinshina, ta kaɗa shi. Wani ta mayar, wani ta buga masa jan hatimi ta miƙo mini in sa a kwali. Na tambaye ta laifin waɗanda ake fitarwa. Ta ce wasu gara ta ci, wasu an yi shekaru ba wanda ya ara, wasu kuma karatun cikinsu ya tsufa. Na ce karatu yana tsufa? Ta buɗe mini wani mai taswirar ƙasarmu, ta ce in nemo Jihar Katsina a ciki. Babu. An buga shi tun kafin a yi ta.

Na ce ashe kamar rage gero ne in ya fito da yawa a rami ɗaya. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce haka ne, sai dai geron da aka cire ba ya kallon mutum. Masu ayoyi a ciki takan ware su daban a kan tsumma mai tsabta. Sauran muka jibge a sito, don ta ce ba ta da ikon bayarwa ko ƙonawa sai an ba da izini daga babbar makaranta. Masu ƙosai da awara sun yi ta zarya suna roƙon takardar naɗi, goggona ma har da aiko ni, Malama ta hana.

Wurin da muka buɗe kuwa kwamfutoci aka kawo. Aka jera tebura, aka kafa sola a kan rufi, aka ware ƙaramin ɗaki don batura. Wani injiniya daga Katsina ya kwana biyu yana jan wayoyi. Kowace kwamfuta da gilashinta a kan tebur, da baƙin akwatinta a ƙasa, da abin sawa a kunne mai soso, tunda ba a sakin sauti a laburare. Aka hana ni kusantarsu da jiƙaƙƙen tsumma.

Ranar da aka kunna su na ji Malama tana yi wa ɗalibai bayani. Ta ce littattafan da ke nan ciki sun fi abin da ɗakin nan zai ɗauka ko da an ninka shi har bakin kasuwa. Gara ba ta cin su, ɗigar rufi ba ta jiƙa su, ba mai yage shafi ya tafi da shi. Ina tsugune ina kwashe shara, amma maganar ta shige ni. Abin da na gani a raina rumbu ne, rumbun ƙarfe wanda ɓera ba ya hudawa, wuta ba ta ci. Namu na ƙauye an ƙone shi da damman cikinsa bayan tasowarmu.

Na daɗe ina juya abin kafin in iya buɗe baki. Wata safiya kafin ɗalibai su zo na kwance robar wayar, na miƙa mata, na ce ina da ajiya, ko za ta shiga inda littattafan suke. Ta kara a kunnenta ta saurara har ƙarshe. Ba ta ce Allah ya jiƙan musulmi ba. Ta tambaye ni wace irin akuya ce. Na ce ja ce, mai farin goshi, mai shegen ɓarna. Muka ɗan yi dariya, daga nan na juya na ci gaba da goge tagar da na riga na goge.

Ta ce akwai matsala guda. Injiniya ya toshe duk ƙofofin da ake cusa filash ko memori a jikin akwatunan, saboda ɗalibai kan kwaso cuta daga shagunan gari su zuba wa na'ura. Ko ita ba ta da lambar buɗewa, sai shi. Muka jira zuwansa na wata. Da ya zo ya yi ta ƙorafi, wai kwamfutar gwamnati ba ta ajiyar kayan gida ba ce, gobe wata za ta kawo waƙar biki. Malama ta ce masa amana ce, ya sa a tata ta kan tebur, in an tambaya ita ce. Ya sa. Ta nuna mini wani ɗan abu ruwan ɗorawa a kusurwar gilashin da sunana a ƙarƙashinsa. Sunana kam ina iya karantawa.

Ranar na koma gida da sauƙi a ƙirjina irin wanda na manta da shi. Har yarinya na bari ta riƙe wayar.

Da azumi ya matso goggo ta ce tana son a zuba mata tafsiri ta riƙa ji, ga shi ba ta da memori. Na ce ga nawa. Na kai wa mai tura karatu a bakin tasha, ya cusa a na'urarsa ya ce memorin yana gardama, sai an wanke shi tas kafin ya karɓi wani abu. Ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a ciki. Na ce babu, na kwashe kayana na kai rumbu. Ya ce, "Hajiya, rumbu kuma a Batsari?" Na ce ya dai wanke. A wurinmu in ka kwashe dammanka ka kai gida ba ka komawa gadin gona. Ban san ana iya kwashe abu ya kuma zauna inda yake ba, ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Daga nan sai ya zama duk Juma'a, in na gama shara ɗalibai ba su fara zuwa ba, Malama kan tashi daga kujerarta ta ce za ta duba wani abu a sito. Kafin ta tafi ta riga ta buɗe mini. In zauna a bakin kujerar, in sa abin a kunne, in ji shi yana tambaya ko ana ji. Sau ɗaya nake saurara, in tashi. Ina tsoron kada yawan ji ya sa ya goge, kamar yadda zane ke koɗewa da yawan wanki. Malama ta ce ba ya gogewa, na ce na ji, amma ban ƙara a kan ɗaya ba.

Ana nan aka wayi gari an yanke sabis a duk yankinmu, wai don a toshe wa mutanen daji hanyar magana. Gari ya yi wani irin shiru. Masu 'yan uwa a nesa sai su hau mota su nufi hanyar Katsina har inda waya za ta kama, su yi magana su dawo. Ni ba ni da wanda zan kira, don haka ban ɗauka abin ya shafe ni ba.

Sai da na ga ɗalibai sun zauna gaban kwamfutoci, gilashi ya kawo haske, amma fari fat, sai ɗan rubutu a tsakiya. Wani dattijon malami da ya zo tun daga Safana a kan babur, ga jarrabawa ta matso, ya tambayi Malama ina littafin da ya karanta makon jiya. Ta ce ba ya nan. Ya ce wa ya ara? Ta ce ba wanda ya ara, dama bai taɓa zama a nan ba. Littattafan suna can wata ƙasa a na'urorin masu su, makaranta haya take yi shekara-shekara, mu leƙe kawai muke yi ta taga, yanzu kuma an rufe tagar.

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Na sunkuya na ɗauke ta. Na jira har dattijon ya fita yana girgiza kai, sannan na matso kusa da ita.

"Malama, nawa ma leƙe ne?"

Ba ta gane ba da farko. Da ta gane sai ta kamo hannuna ta zaunar da ni, ta buɗe ɗan abin nan ruwan ɗorawa, ta sa mini a kunne duk da ba Juma'a ba ce. Yana nan. Ta dafa baƙin akwatin da ke ƙarƙashin teburinta ta ce nawa a nan ciki yake kwance, ba ya bukatar sabis. Littattafan ne na haya.

Har na fara hamdala sai ta ce ai ko ba komai ina da na memorina. Na gaya mata abin da aka yi da memorin. Ta dafe goshi. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce laifinta ne da ba ta yi mini bayani ba. Wai a aikinsu abu mai daraja ba a yarda ya zauna wuri ɗaya, sai biyu ko uku, don akwatin nan ma ƙarfe ne da waya, yana mutuwa kamar kowace na'ura. Ta ce in karɓo memorin in riƙe a jikina, ranar da injiniya ya zo a mayar mini.

Goggo ba ta ji daɗi ba. Ta ce mi za ki yi da muryar mamaci da ya fi tafsiri, addu'a yake bukata ba saurare ba. Na ce ina yi masa addu'ar. Ta cire ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na ƙulle shi a leda na ɗaure a bakin zanena.

Injiniya bai zo ba. Hanya ta lalace da tare-tare, aka ce an hana su fitowa ba rakiya. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Sauƙin nan da na samu ya tafi, tsoron wayar ya koma kan akwatin. In na shigo da safe shi nake fara dubawa. In hadari ya haɗu in yi ta kallon rufin da ke saitinsa. Na sa bulo biyu na ɗaga shi daga ƙasa saboda sanyi da gara, duk da an ce gara ba ta cin ƙarfe.

A tsakanin nan muka koma sito muka fara dawo da littattafan da muka fitar. Kwalayen ƙasa gara ta riga mu, in ka ɗaga sai gari ya zubo. Waɗanda suka tsira Malama ta riƙa soke jan hatimin da biro tana mayar da su kan kantoci. Ta ce tsohon karatu ya fi farin gilashi. Ɗaliban ma sun ragu, wasu ƙauyukansu sun tashi, wasu ba hanyar zuwa. Wani yinin daga ni sai ita sai ɗiyata, wadda a lokacin ta fara haɗa magana, tana bin kantoci tana kiran duk hoton da ta gani da suna. Mukan ci ɗumame tare a bayan ƙofa, ni da Malama. Ita ma ba ta jin muryar 'ya'yanta sai ƙarshen wata.

Wani ƙarshen watan ta tafi ba ta dawo ranar da ta saba ba. Ba waya balle in ji dalili. Maigadi kan buɗe mini in share ɗakin da ba wanda ya taka, in goge teburan da ba wanda ya zauna, in tsaya gaban akwatin. Ban iya kunna shi ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

Ranar da ta dawo, na iso da hantsi na tarar da a-kori-kura biyu a ƙofar laburare, da motar rakiya a gindin darbejiya. Maza na ta fito da kaya. An ba da umarni a kwashe duk na'urori a mayar babbar makaranta, tunda ba sabis kuma ana tsoron a zo a ɗebe. Ita ma Malama an mayar da ita can. Da ɗakin batura suka fara saboda su ne masu nauyi, kafin in iso har an ɗora su a mota. Ba wuta a ɗakin ke nan. Na leƙa fuskokin mazan ɗaya bayan ɗaya, injiniya ba ya ciki.

Malama ta ja ni gefe. Ta ce ta neme shi a Katsina, an tura shi wani wuri. Ta ce ba za ta ɓoye mini ba, duk na'urar da ta koma sito a can wanke ta ake yi tas kafin a ba wani ofishi, haka tsarin yake. Za ta yi ƙoƙari ta riga su, amma daga an sauke kaya sun fita daga hannunta. Na ce a bar mini akwatin mana, in ya so a riƙe albashina. Ta ce yana da lamba a jikinsa, mai sito yana tsaye yana ƙirgawa.

Direba ya leƙo ya ce shi fa kafin azahar zai bar garin nan, wanda ke son kwana a hanya ya nemi wani direban. Ya dube ni da goyo ya ce ko ni ma kayan gwamnati ce a ɗora ni.

Malama ta durƙusa ƙarƙashin teburinta. Akwai wani ƙaramin batir a nan, wanda ke riƙe kwamfutarta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke. Ta ce ya tsufa, ba ta san abin da ya rage a cikinsa ba, wataƙila ya kunna, wataƙila ya mutu a hanya. Ta ce wa mazan su bar teburin nan sai ƙarshe. Ta danna. Batirin ya fara ƙara, ɗil, ɗil, kamar ɗan tsako. Gilashi ya kawo haske a hankali, ya tsaya yana juyi, ni kuma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ta karɓi memorina ta sa a wayarta, ta ce tunda akwatin ba zai karɓa ba, za ta kara wayar a jikin abin kunne ta ɗauka, ko yaya ya fito. Ƙarar batirin ta fara sauri.

"Ƙanwata, ban ce zai kai sau biyu ba. Kunne ɗaya na waya ne. Ɗayan fa?"

Na so in ce nawa ne. Juma'o'i sun wuce ban ji shi ba, kuma na san wataƙila wannan ce ta ƙarshe. Yarinya kuwa ba ta yi wayon da na ɗibar mata ba, ko sunan ubanta ba ta riƙe ba. Na kwance goyon na ɗora ta a cinyata. Malama ta buɗa abin, ta manna soso ɗaya a kunnen yarinyar, ɗayan a bakin wayarta, ta danna.

Ni ban ji komai ba sai jan tebura da ƙarar batir. Fuskarta nake kallo. Ta yi tsit, ta zaro ido, ta juya tana neman mai maganar a bayana. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ina bin maganar a zuciyata, na san yanzu yana ce mata ta gaida mutane. Sai ta washe baki ta ɗaga murya, a ɗakin da ba ta taɓa ɗaga murya ba.

"Inna, akuya."

Ta yi ta faɗa tana dariya, akuya, akuya, tana bubbuga tebur. Na ce mata ta saurara, babanki ne, babanki ne ke magana. Kafin in rufe baki gilashin ya yi baƙi, batirin ya ja ƙara ɗaya doguwa ya yi shiru.

Malama ta rubuta wani abu da alli a jikin akwatin don ta gane shi, aka ɗauka aka ɗora cikin 'yan uwansa, duk baƙaƙe iri ɗaya. Ta mayar mini da memorin, ta ba ni mabuɗin ɗakin in kai wa maigadi. Ta ce in yafe mata. Na ce ni ce da neman yafiya. Ta shafa kan yarinyar ta shiga gaban mota, ban tsaya ganin fitarsu ba, na koma na share inda teburan suka tashi.

Bayan an dawo da sabis ta kira wayar maigadi ta ce a ba ni. Mun daɗe muna gaisawa, ta tambayi yarinya, ta tambayi goggo, ta tambayi ko rufin sito na ɗiga har yanzu. Daga yadda take jan gaisuwar na gane. Ta ce ruwa ya taɓa kayan a hanya allin ya goge, kafin ta gano wanne ne an riga an wanke su duka. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce amin, muka yi sallama, ta kashe.

Abin da wayarta ta ɗauka yana nan. Yanzu yana wuri uku, memorina, da wayar goggo, da ta wata maƙwabciya da ba ta ma san mene ne ba. In ka kunna za ka ji ƙarar tebur a kan siminti, da kukan batir, da direba yana cewa a yi sauri, da ɗiyata tana kiran akuya, da ni ina ce mata babanki ne. Can ƙarƙashin duk wannan, in ka danna wayar sosai a kunne ka toshe ɗayan da yatsa, akwai namiji yana magana. Ba a gane abin da yake cewa. Na ba goggo ta saurara ta ce ita iska take ji.

Ɗiyata ta shiga makaranta yanzu, ta yi wayon da nake jira. Na zaunar da ita na kunna mata, na riƙa gaya mata maganarsa a daidai inda yake faɗa. Ta saurara da ladabi har ƙarshe. Na tambaye ta ko ta tuna ranar. Ta ce ta tuna wani ɗaki mai duhu, da abu mai laushi a kunnenta, da akuya. Na ce mutumin fa? Ta yi tunani sosai, don ta ga ina so, sannan ta ce a'a.